Wa Ke Riƙe da Fensir, Wa Ke Tsaye?



Duk shekara idan lokacin zaɓen darussan GCSE ya zo, akwai darasi guda da ke tayar da ƙura a gidajenmu na nan Ingila, shi ne darasin zane. Yarinya tana da hannu, malamarta ta boko ta yaba, littafinta cike da furanni da fuskoki, amma da ta kawo takarda gida a sa hannu sai a ce ta nemi wani darasin, domin "zanen Turawa ai tsiraici ne". Wanda kuma aka bari ya wuce har kwaleji, can ma wata magana ke jiransa: wai ba za ka taɓa iya zana ɗan'adam ba sai ka zauna a ajin da ake tsayar da baligi ko baliga ba sutura, ɗalibai su kewaye su zana. Tsakanin waɗannan maganganu biyu, yara Musulmi masu baiwa suna ta ajiye fensir.

Ra'ayina shi ne, duka maganganun sun wuce gona da iri. Zane ya fi tsiraici faɗi, kuma tsiraici ba shi ne mabuɗin zane ba. Hujjata daga tarihin makarantun zanen Turai na ɗauko ta, kuma tana fitowa fili idan aka yi tambaya guda: jikin wa aka zaɓa a tsayar, na namiji ko na mace, kuma wa aka bari ya riƙe fensir?

A yau idan aka ambaci irin wannan zane, mace ce ke faɗowa a ran mutane. Za ka ji masu sha'awar fannin suna cewa jikin mace ya fi dacewa da zane, wai ya fi taushin layi, haske ya fi kwanciya a kansa. Suna faɗin haka kamar wata doka ce da aka halicci duniya da ita. Amma da za a taso da malaman zane na shekaru 300 da suka wuce, da sun ce sam ba haka ba ne.

A tsohuwar Girka, a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masu sassaƙa dutse maza suke sassaƙawa ba sutura. Mata kuwa sanye da dogayen riguna ake fitar da su. Sai a ƙarni na 4 ne wani masassaƙi mai suna Praxiteles ya yi gunkiyar Afrodit ta garin Knidos ba tufa, abin ya zama abin magana a lokacin saboda ba a saba ba. A Italiya, Michelangelo ya yi zanen rufin ɗakin ibada na Sistine da ke Roma tsakanin 1508 da 1512. Cikin mutanen da ya zana a can akwai wata mace da ake kira mai duba ta Libiya. Takardar da ya yi gwajin zanenta tana nan a gidan adana zane na Metropolitan a birnin New York, kuma duk wanda ya dube ta zai ga baya da kafaɗun namiji ne. Namiji ya tsayar ya zana, daga baya ya sa masa riga da kitso ya zama mace.

Da Faransa ta kafa makarantar zane ta sarauta a 1648, namiji kaɗai ake tsayarwa a ajinta. Abin ya yi ƙarfi har kalmar "akademi", wato sunan makarantar, ta koma sunan zanen namiji marar sutura. Dalilinsu shi ne jikin namiji ne cikakken ma'auni, ƙashi da tsoka sun fi fitowa a kansa. Ban da haka, zanen da ya fi daraja a wancan zamani shi ne na yaƙe-yaƙe da labaran addini da tatsuniyoyin Girka da Roma, kuma jaruman waɗannan labarai galibinsu maza ne.

A ƙarni na 19 sai kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya. Masu sayen zane suka koma 'yan kasuwa da attajiran birane masu neman abin ratayawa a falo, bangon wuraren baje kolin zane na Paris ya cika da mata. To a nan nake tambaya: ƙashin ɗan'adam ne ya canja tsakanin 1700 da 1880? Ko tsokar hannu ce ta sake wuri? Babu ko ɗaya. Mai saye ne ya canja, da abin da idonsa ke so. Idan abu ilimi ne tsantsa, ba ya bin aljihun mai saye. Darasin ƙirar jiki da ake koya wa likita bai taɓa sauyawa don attajiri ya fi son wani jinsi ba.

A 1989 wata ƙungiyar mata masu zane a Amurka, Guerrilla Girls, ta shiga gidan Metropolitan ta yi ƙidaya a sashen zanen zamani. Ta gano cewa mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu zanen ba, amma kashi 85 cikin 100 na jikunan da aka zana ba sutura na mata ne. Da suka sake ƙidayar a 2012, mata masu zane ba su kai kashi 4 ba, jikunan mata kuwa kashi 76. Wato ƙofar gidan a buɗe take ga mace idan ita ce abin kallo, amma idan ita ce mai aikin, da ƙyar ake ba ta wuri.

Wannan ya kawo mu ga rabin tambayar na biyu: wa ke riƙe da fensir? Amsar tana nan kusa da mu a Landan. An kafa Royal Academy a 1768, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai mata biyu ƙwararru, Angelica Kauffman da Mary Moser. Tsakanin 1771 da 1772 wani mai zane, Johann Zoffany, ya zana mafi yawan mambobin a taru cikin ajin zana jiki, ga maza biyu da aka kawo don a zana su. Mazan suna nan, wani a zaune, wani a tsaye, ana hira. Matan biyu fa? Ba sa cikin ɗakin. Hotunan fuskokinsu kawai aka rataye a bango, domin ba a yarda mace ta shiga wannan aji ba. Bayan rasuwarsu, ba a sake ba mace cikakkiyar kujerar mamba ba sai Laura Knight a 1936, shekara 168 bayan kafa makarantar.

Ɗaliba mace ta farko a makarantar, Laura Herford, da dabara ta shiga a 1860. Ta aika zanenta da harafin farko na sunanta kawai, aka ɗauka namiji ne, aka karɓe ta. Har zuwa 1893 ba a bar ɗalibai mata su zana mai rai da ke tsaye a ajin ba, kuma ko da aka bari, sai da sharaɗin a rufe wani sashe na jikinsa. Babbar makarantar zane ta Paris ba ta fara karɓar mata ba sai 1897. A Amurka kuwa, an tilasta wa malamin zane Thomas Eakins barin aikinsa a makarantar Pennsylvania a 1886, bayan ya cire ɗan ƙyallen da ke jikin namijin da ake zanawa a ajin da akwai mata.

Ku lura da yadda tarkon yake. An ce ba za ka zama babban mai zane ba sai ka yi zanen tarihi. An ce ba za ka yi zanen tarihi ba sai ka wuce ta ajin tsiraici. Sannan aka ce mace ba za ta shiga ajin ba. Daga ƙarshe sai aka juyo ana tambaya, me ya sa babu manyan masu zane mata? Wata masaniyar tarihin zane, Linda Nochlin, ta yi fitaccen rubutu kan wannan tambaya a 1971, ta nuna cewa ba baiwa mata suka rasa ba, ƙofa aka rufe musu.

Akwai wata doka ta Royal Academy da ta fi ba ni mamaki. Ita makarantar Landan, saɓanin ta Paris, tana tsayar da mata a zana su tun farkon kafuwarta. Amma sai ta ce ɗalibin da bai kai shekara 20 ba ba zai shiga wannan aji ba, sai in yana da aure. Ashe su kansu waɗanda suka kafa tsarin sun san cewa ido ba gilashin kyamara ba ne, yana haɗe da zuciya. Saboda haka idan Musulmi ya ce yana kiyaye idonsa, bai zo da wani baƙon abu da Turai ba ta taɓa sani ba.

Darasi biyu nake ɗauka daga wannan tarihi. Na farko, fifita jikin namiji jiya da fifita na mace yau duk al'ada ce da kasuwa, ba dokar ilimi ba. Na biyu, wannan aji ya daɗe yana aikin mai gadin ƙofa. Sama da shekara 100 ya tsare mata a waje saboda an hana su shiga. Bai kamata yau ya tsare wasu a waje saboda imaninsu ya hana su shiga ba. Sakamakon ɗaya ne: mai baiwa ya koma gida.

Wasu na ganin gyaran shi ne a daidaita lissafi, a yawaita tsayar da maza yadda aka yawaita tsayar da mata, kowa ya ɗanɗana. A ganina wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Abin da aka zalunci mata da shi ba ƙarancin maza marasa sutura a bango ba ne. An hana su koyo, an hana su kujera, an hana aikinsu wuri. Adalci shi ne a ba su fensir da bango, ba a ƙara yawan waɗanda aka tuɓe ba.

Abin da muke koya a wannan makaranta ya ba mu wani ma'auni dabam. A Suratun Nur, aya ta 30 ta fara umartar maza muminai da kiyaye gani, sannan aya ta 31 ta umarci mata. Da mai kallo aka fara. A fiƙihu kuma namiji ma yana da al'aura, daga cibiya zuwa gwiwa a wajen mafi yawan malamai, kuma a Sahihu Muslim an hana namiji kallon al'aurar namiji, an hana mace kallon ta mace. Don haka tambayar wane jinsi ya fi dacewa a tuɓe ba ta da wurin zama a wajenmu. Jikin kowa amana ne, kuma mutuncin namiji da na mace nauyinsu ɗaya. Wannan ne ya sa shawarar da wasu ke ba mu, mu 'yan mata, cewa mu shiga ajin da mace ce ke tsaye tunda duk mata ne, ba ta warware matsalar ba. Shari'a ta yi rangwame ga likita da majinyaci saboda larura, rai ake ceta. Jarrabawar zane ba ta kai larura ba.

Sai dai adalci ya wajaba a kaina ga waɗanda ba mu yarda da su ba. Malaman zane da ke kare wannan aji ba 'yan iska ba ne, kuma kuskure ne mu riƙa faɗin haka. Ajin wuri ne na aiki, ana yin shiru, ana auna tsawon hannu da na ƙafa, ana kallon agogo. Waɗanda ke tsayawa manya ne masu neman abincinsu, kuma tsayuwa wuri ɗaya na minti 30 ba motsi ba ƙaramar wahala ba ce. Rashin yardarmu da aikinsu bai ba mu izinin zaginsu ba. Hujjar malaman ma tana da ƙarfi: in ba ka san yadda kafaɗa ke haɗe da ƙirji ba, rigar da za ka zana za ta zama kamar an rataye ta a ƙusa. In ba ka san inda nauyin jiki ke sauka ba, mutuminka zai yi kamar zai faɗi.

Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce hanya ɗaya ce ke kai mutum ga wannan sani. Leonardo da Vinci ya koyi sirrin jiki ne ta hanyar feɗe gawarwaki, ya zana ƙashi da tsoka da jijiya ɗaya bayan ɗaya, kuma takardun nasa suna ajiye a fadar Windsor. Shi ɗin dai ya ɓata lokaci mai yawa yana zana yadi kawai, yadda yake ninkewa a kan gwiwa da yadda yake zubowa ƙasa. A duniyar Musulmi, Mansur ibn Ilyas na birnin Shiraz ya rubuta littafin ƙirar jiki a ƙarshen ƙarni na 14, da zanen cikakken mutum a shafi guda guda: na ƙasusuwa, na jijiyoyi, na tsoka, na hanyoyin jini. Yau ɗakin kimiyya na makarantun boko yana da ƙwarangwal na roba, ɗakin karatu yana da littattafan ƙirar jiki, akwai kuma manhajojin kwamfuta da ke juya tsoka ta kowace fuska. Abin da ke ƙarƙashin riga, wato ƙashi da tsoka, a buɗe yake ga mai son koyo ba tare da an tuɓe kowa ba.

Sannan mu tambayi duk mai zane, wane sashe ne na jiki ya fi wuya? Da yawa za su ce hannu da fuska. Su kuwa a buɗe suke kullum. Hannun kakarka tana jan carbi, fuskar ƙaninka yana barci, ɗan ƙwallo yana juyawa da gudu, dattijo yana jiran bas da sanda, duk darussa ne na nauyi da motsi da ma'auni. Wanda ya cika littafi goma da irin waɗannan ya san jikin ɗan'adam.

Manyan ayyuka ma shaida ne. Mona Lisa da rigarta take. Babban zanen Rembrandt na masu gadin birnin Amsterdam, wanda ya gama a 1642, kowa a cikinsa da tufarsa. A 1237 Yahaya al-Wasiti ya ƙawata Muƙamatul Hariri da zane, littafin nan da malamanmu na zaure suke karantarwa, kuma kwafin yana babban ɗakin karatu na Paris. Akwai matafiya da raƙuma, da masu wa'azi, da masu gardama a gaban alƙali, kowa cikin jabba da rawani, amma kana ganin fushi da mamaki a tsayuwarsu. Behzad na birnin Herat ya zana magina suna hawa tsani da tubali a ƙarshen ƙarni na 15, kana kallo kana jin nauyin kayan a bayansu. A zamaninmu, Lynette Yiadom-Boakye, 'yar Landan wadda iyayenta 'yan Ghana ne, ta shahara da zana mutanen da ta ƙirƙira daga tunaninta, ba ta tsayar da kowa a gabanta, kuma Tate Britain ta baje kolin aikinta a 2020.

Wanda ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne Ibrahim El-Salahi. An haife shi a Umdurman ta Sudan a 1930, mahaifinsa malamin addini ne mai koyar da Alƙur'ani. Ya zo Landan ya yi karatu a makarantar Slade a shekarun 1950, ya koyi zane irin na Turai. Da ya koma gida sai ya ga mutanensa ba su damu da abin da ya kawo ba. Ya koma ga harafin Larabci da ya tashi yana gani a kan allo, ya lanƙwasa shi, ya fitar da fuskoki da siffofi daga cikinsa. A 2013 Tate Modern ta yi masa babban baje koli na aikin rayuwarsa. Abin da ya ɗaukaka shi, irinsa ne muke riƙewa a hannu duk Asabar da Lahadi a wannan makaranta.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, cikin ladabi, kada a yanke hukunci kan darasin gaba ɗaya saboda ɗaki ɗaya na gidan. Manhajar GCSE tana neman ɗalibi ya iya zana abin da idonsa ya gani, ba ta wajabta tsiraici ba. Daga wannan darasi ake samun masu zanen gine-gine, masu tsara tufafi, masu zanen littattafan yara da na likitanci. Masallacin da muke salla a ciki, wani ne ya fara zana shi a takarda. Na san akwai wata mas'alar dabam, ta hukuncin zana mai rai, kuma malamai sun yi saɓani a kai. A mazhabar Malikiyya an bambanta tsakanin cikakken mutum-mutumi mai inuwa, wanda aka haramta, da zane a shimfiɗe kan takarda, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Wannan fagen malamanmu ne, kuma ya fi kyau a je a tambaye su da a rufe magana da "a'a" a bakin ƙofa. Ko wanda ya ɗauki ra'ayi mafi tsanani, ga rubutun hannu, ga zayyanar gine-gine, ga itatuwa da birane suna jiransa.

Ga kwalejojin zane kuma, abin da muke nema ba babba ba ne. Ba mu ce a rufe ajin kowa ba. A ba ɗalibi zaɓi: aji da mai tsayuwa cikin sutura, ko darasin ƙashi da tsoka, sannan a auna shi da ma'auni ɗaya da kowa. In hannun da ya zana ya karkace, a rage masa maki. Dokar daidaito ta wannan ƙasa ta 2010 ta sa addini cikin abubuwan da ba a yarda a nuna wa mutum bambanci a kansu ba, don haka ba roƙon alfarma muke yi ba. Makarantun da suka ɗauki sama da ƙarni guda kafin su buɗe wa mata ƙofa sun fi kowa sanin asarar da rufe ta ke jawowa.

Mu kuma 'yan'uwana, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son ya ci gaba da zane ya tambayi kwaleji tun kafin ya cike takarda, me ke cikin darasin, kuma wane zaɓi ke akwai. Ya yi magana da malaminsa a fili, cikin natsuwa, ba tare da jin kunyar addininsa ba kuma ba tare da raina na wasu ba. Sannan ya yi aiki fiye da kowa, domin babu hujjar da ta kai littafin zane mai kyau ƙarfi. Ranar da malami ya buɗe shi ya ga hannaye da fuskoki da mutane masu motsi kamar za su fito daga takarda, ba zai tambaye ka wane aji ka zauna ba.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya tsare mana idanunmu da mutuncinmu, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri.